Tambayoyi da amsoshi akan biraket da ƙarfen rataye labule

Mu masu aikin kafa labule a gidajen mutane kusan tambayoyi iri ɗaya muke sha kullum, daga matan aure, daga iyayen amare lokacin jere, daga masu sabon gini, shi yasa na ga gara in tattara su waje ɗaya in amsa iya sanina. Abinda ya fi damuna a harkar nan shine mutum zai kashe kuɗi masu yawa wajen yadin labule, ya zaɓi mai kauri mai shafi biyu, amma idan aka zo kan ɗan ƙarfen da zai riƙe nauyin gaba ɗaya sai yace a sa duk wanda aka samu. Toh ga tambayoyin.

Wai menene biraket ɗin ma tukunna?

Shine ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurewa a jikin bango sannan a ɗora sandar labule akansa. Yana da gindi mai faɗi wanda ke manne da bango da ramukan sukuru biyu ko uku, sai hannu da ya miƙo, sai bakin da sandar ke zama a ciki, yawanci da ɗan ƙaramin sukuru a ƙasa ko a gefe da ake matse sandar don kar ta riƙa zamewa idan an ja labule.

Ba tare da sandar ake sayar da shi ba?

Yawanci tare suke zuwa a kwali ɗaya, amma dan Allah ki buɗe ki duba kafin ki bar shago. Sanduna kauri kauri ne, akwai mai milimita 16, akwai 19, akwai 25, akwai 28 har da 35, kuma kowacce da biraket ɗinta. Idan kika haɗa sanda mai 19 da biraket na 28 zata riƙa rawa a ciki, idan kuma akasin haka ne bazata ma shiga ba. Sannan sukurori da fisha (robar nan da ake cusawa a rami kafin sukuru) da ake zubowa cikin kwalin, gaskiya yawancinsu gajeru ne basu dace da irin bulonmu ba, ni dai ajiye su nake in sa nawa.

Iri nawa ne ake da su?

Waɗanda zaka fi gani a kasuwa sune mai baki ɗaya na sanda ɗaya, da mai baki biyu wanda ake ɗora sanda biyu, ta baya ta ɗauki farin labule shara shara ta gaba ta ɗauki mai kauri. Akwai na silin wanda ake kafawa a sama yana kallon ƙasa, akwai ƙananan da ke riƙe reli, wato doguwar hanyar alminiyam ɗin nan da labule ke gudu a cikinta akan ƴan tayoyi. Sai na bilayin, labulen zamani mai naɗewa sama, shi nasa daban ne kwata kwata, kowane kamfani da irin nasa kuma da wuya na wani ya shiga na wani, don haka idan ka cire bilayin zaka tashi daga gida kar ka bar biraket ɗinsa a bango.

Malam labulen falona ya faɗo har da ɓallo filasta, mai aikin ya dawo ya mayar ya sake faɗowa, me ke kawo haka?

Hajiya wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma sau tari laifin ba na biraket ɗin bane, abinda ke cikin bangon ne. Ki lura da yadda nauyin yake aiki, labule yana rataye ne a ƙarshen hannun biraket nesa da bango, toh nauyin ba ƙasa kawai yake ja ba, yana ƙoƙarin fizgo sukurun sama ne waje yayin da gindin biraket ɗin ta ƙasa yake danna bango, kuma duk yadda hannun ya ƙara tsawo haka fizgar ke ƙaruwa, shi yasa mai baki biyu ya fi saurin zarewa akan mai baki ɗaya. Ga kuma jan da ake yi safe da yamma, ga yara da ke lilo da shi, ga iskar damina idan an bar taga a buɗe.

Yanzu ki dubi bangon. Akwai fenti, akwai sikiridin, wato shafen laushin da ake yi akan filasta kafin fenti, idan an yi, akwai filasta mai kaurin kamar santimita ɗaya da rabi, wani wajen ma ta fi haka idan magini ya cike karkata da ita, sai a bayan duk wannan ake isa ga bulo. Idan mai aiki ya sa gajeriyar fisha da gajeren sukuru, rabinsu ko fiye a cikin filasta suka tsaya, filasta kuwa bata riƙe komai, ranar da aka ja da ƙarfi sai ta ɓallo gaba ɗaya. Sannan shi kansa bulon mai rami ne a ciki, inci 6 ne ko inci 9, fatarsa kawai ke da ƙwari, idan kuma masu buga shi sun yi rowar siminti zaki ga diril yana shiga kamar a gari babu wata turjiya. Mayar da sukuru cikin ramin da ya riga ya buɗe kuwa ɓata lokaci ne, shi yasa ya sake faɗo miki. Sai an canza wajen ko an gyara ramin yadda zan faɗa a ƙasa.

Toh wace fisha da wane sukuru ya kamata a sa?

Fisha ita ce robar nan da ake cusawa a rami kafin sukuru, idan sukurun ya shiga sai ya buɗa ta ta cije jikin ramin ta ko'ina. Wani Bajamushe mai suna Artur Fischer ne ya ƙirƙiro irin wannan ta roba a 1958, kafin nan da ɗan katako ko zaren jut ake toshe rami. Ga labule marar nauyi fisha mai milimita 6 ta isa, ga mai kauri ko biraket mai baki biyu ni mai 8 nake sawa da sukuru mai tsawon santimita 5 zuwa 6. Ƙa'idar ita ce bakin diril ya zama daidai da lambar fisha, mai 8 da mai 8, ramin ya ɗan fi fishar zurfi kaɗan, a hure ƙurar ciki tas, sannan fishar ta shiga da ɗan bugun guduma. Idan ta faɗa da kanta ba tare da an buga ba toh ramin yayi faɗi. Shi kuma sukuru dole ya ratsa biraket ya ratsa fishar har ƙarshenta, idan ya tsaya a rabi bakinta bai buɗe ba kenan.

A bulo mai taushi akwai dabarar da ke taimakawa, ka yi amfani da bakin diril da ya gaza fishar da rabin milimita ko ɗaya, kuma ka kashe bugun diril ɗin ka bar shi yana juyawa kawai, saboda bugun ne ke farfasa bulon ta ciki. Kuma a kula da ingancin fishar kanta, mai kyau ta nailan ce tana lanƙwasa bata karyewa, akwai wata mai arha da zaka matsa da yatsa ta tsage, wannan ko kyauta aka baka kar ka karɓa.

Kusar kankare bazata yi ba? Naga da ita ake yi a unguwarmu.

Ana yi, kuma tana riƙewa na ɗan lokaci idan labulen bashi da nauyi. Matsalarta bata da zare, santsi gareta, duk ja ɗaya tana ɗan motsawa har ta saki, ga bugunta yana tsaga filasta, ga kuma ranar cirewa sai ta taho da ɓangaren bango. Idan babu wuta ko babu diril a kusa gara ka jira kwana ɗaya ka samu mai diril na caji.

A ina daidai ake kafa biraket?

Daga saman taga ka hau kamar santimita 10 zuwa 15, daga gefe kuma ka fita santimita 15 zuwa 20 kowane ɓangare, don idan an zuge labule ya tattaru a jikin bango ya bar tagar a buɗe iska da haske su shigo. Misali tagar da aka fi yi a gidajenmu mai ƙafa huɗu, wato mita 1.2, sandarta zata kai mita 1.5 zuwa 1.6. Idan kana so ɗaki ya yi kamar ya fi tsawo sai ka ƙara hawa kusa da silin, amma ka tuna da tsawon labulen da aka riga aka ɗinka, ya kamata ya tsaya da kamar santimita ɗaya ko biyu sama da ƙasa saboda shara da goge goge, balle a hunturu da ƙura ke kwanciya ko'ina. Abinda ya fi shine a kafa ƙarfe tukunna sannan tela ya auna daga jikinsa, amma mutane da yawa ta baya suke farawa.

Kuma kar ka auna daga silin ko daga tayil ka ɗauka sun miƙe, sau da yawa basu miƙe ba. Ka sa ma'aunin nan mai ruwa a tsakiya da magina ke amfani da shi, idan tazarar ta yi nisa siririn tiyo mai gani har ciki da aka zuba wa ruwa yana yin aikin, inda ruwan ya tsaya a baki biyun nan ne daidai.

Ina cikin huda sai diril ya tsaya cak ya ƙi gaba, me zan yi?

Ka iso linta kenan, kuma abin farin ciki ne domin babu inda ya fi ta riƙe fisha. Linta kankare ce da aka zuba a saman taga da ƙofa, tsayinta kamar na bulo ɗaya, shi yasa awon santimita 10 zuwa 15 ɗin can yake faɗawa a kanta. Tana buƙatar diril mai bugu da bakin huda kankare, ba na katako ko na ƙarfe ba. Amma idan ka shiga kamar santimita 3 ko 4 sai ka ji ƙarar ta canza kuma ƙura ta daina fitowa, toh rodi ka tarar, kar ka matsa, ka fito ka matsa sama ko ƙasa da kamar santimita 2.

Abu mafi haɗari a nan wayar wuta ce. Wayarin na cikin bango yakan tashi ne a miƙe daga soket ko makunni zuwa sama, kuma a gidaje da yawa makunnin AC da soket ɗinsa suna nan dab da taga. Kafin ka huda ka duba ƙasa da sama da gefe, in akwai soket a layin ka kauce masa. A banɗaki da kicin kuma a tuna da fayif ɗin ruwa.

Biraket nawa sanda ɗaya take buƙata?

Biyu sun isa idan sandar bata wuce mita ɗaya da rabi zuwa 1.8 ba. Daga nan sai an ƙara na tsakiya, in ba haka ba zata lotsa a hankali har ta zama baka. Idan sanda biyu aka haɗa da mahaɗi, dole biraket ya zauna daidai kan mahaɗin. Sai dai ki sani labule mai zobba a jikinsa baya iya wuce biraket na tsakiya, don haka a raba shi falle biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan kina son ya zuge gefe ɗaya tun daga farko har ƙarshe a doguwar taga, reli zaki sa ba sanda ba.

Yallaɓai gidana POP ne, ana iya kafa reli a jikinsa kai tsaye?

A'a ranka ya daɗe, POP kwalliya ce, kanta ma da ƙyar take ɗauke da nauyinta. Sukuru zai shiga kuma zai yi kamar ya kama, amma da nauyi da ja zai fara tsaga ta ya zaro. Abinda ya dace tun lokacin da masu POP ke aiki a gaya musu inda labule zai zauna, su bar masa kwarmi mai faɗin kamar santimita 15 zuwa 20 a bakin taga, a kafa katako mai ƙwari a sama wanda ke ɗaure da dekin ko da katakon rufi, sai reli ya kama jikin katakon. Idan an riga an gama ba a yi haka ba, ka haƙura da na silin ka sa biraket na bango a ƙasa da POP ɗin kaɗan, yana yin kyau kuma hankalinka a kwance.

Mu ginin ƙasa gare mu, an dai shafe shi da siminti, ya zamu yi?

Wannan tambayar ina jin daɗinta domin masu sayar da kaya basa tunawa da ku, alhali a cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da ƙauyuka gidajen ƙasa suna nan da yawa kuma sun fi na bulo sanyi. Fisha bata aiki a ƙasa, tana buɗewa ƙasar na marmashewa. Abinda ake yi shine a samo dogon katako mai faɗin kamar inci 3 ko 4, tsawonsa ya kai na sandar, a kafa shi a kwance a saman taga da dogayen kusoshi da yawa ana ɗan karkata su ƙasa, yadda nauyin zai rabu a wuri mai faɗi, sannan a ɗaura biraket a jikin katakon da sukurun katako. Idan akwai azara ko katako a saman tagar tun asali, a nemi a kama jikinsa. A shafa wa katakon maganin gara kafin a kafa, kuma a zaɓi labule marar nauyi sosai, mai baki biyu da shafi biyu ba na irin wannan bangon bane.

Gidan haya nake kuma mai gida yace kar a huda masa bango.

Akwai sanda mai sifirin a ciki da ake matsawa tsakanin gefe biyu na taga ta tsaya da kanta, tana yi wa ƙaramar taga da labule shara shara, banda mai nauyi. Akwai kuma masu maƙalewa da gam, su kam bana ba kowa shawararsu sai akan tayil ko gilashi, domin akan fenti gam ɗin fentin yake riƙewa ba bango ba, kuma idan zafin watan Afrilu ya zo, irin na Sakkwato da Maiduguri da ke haura digiri 40, gam ɗin yana saki. Wata hanyar ita ce mai walda ya yi maka ƴan ƙugiyoyi da zasu rataya a jikin ƙarfen tagar. Amma ni a ganina ka zauna da mai gidan ka nuna masa rami huɗu ne ƙanana kuma zaka toshe ka shafa fenti ranar tashi, yawancinsu kusar kankare ce ta taɓa yi musu ɓarna shi yasa suke hanawa.

Bilayin fa, a cikin taga ake sa shi ko a waje?

Duka ana yi. Na ciki ya fi tsaf amma sai kwarmin tagar yana da zurfin da ya kai kamar santimita 6 ko 7 babu abinda ya tare, kuma a nan ne ƙarfen tsaro da hannun taga ke kawo cikas a gidajenmu. Idan zaka sa a ciki ka auna faɗin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka rage kamar santimita ɗaya, domin filastar gefen taga bata cika miƙewa ba. Na waje kuma ka ƙara kamar santimita 5 zuwa 10 kowane gefe don haske kar ya riƙa leƙowa. Shi bilayin baya yafe karkata ko kaɗan, idan biraket ɗaya ya fi ɗaya hawa sama yadin zai riƙa naɗewa yana gudu gefe guda har bakinsa ya fara cinyewa.

Igiyar bilayin tana da wani haɗari ne?

Sosai ma, kuma ina roƙon iyaye su ɗauki wannan da gaske. Igiya ko sarƙar da ke lilo a matsayin zobe tana iya shaƙe ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci kuma babu ƙara babu kuka. Abin ya faru a ƙasashe da dama har ya sa Turai ta tsaurara ƙa'idar ƙera su a 2014, Amurka ma daga ƙarshen 2018 ta sa waɗanda ake sayarwa a shirye a kanti su zama marasa igiya ko masu igiyar da yaro bazai kai gareta ba. A cikin kwalin zaki ga wata ƴar roba da ake ɗaurewa a bango ta riƙe sarƙar a miƙe, masu aiki da yawa jefar da ita suke, ki ce sai an sa miki. Igiyar ta tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma kar a ajiye gadon yaro ko kujera a ƙarƙashin tagar.

Biraket na roba, na ƙarfe, na alminiyam, wanne ya fi?

Na roba rana tana cinye shi, bayan wani lokaci ya bushe ya karye, balle a tagar da ke kallon yamma. Na ƙarfe mai kauri shine zaɓina, ka ɗauka a hannu ka ji nauyinsa, ka gwada lanƙwasa hannun da yatsu, in ya motsa ka ajiye. Akwai masu ruwan gwal masu ƙyalli da ake yi da wani sassauƙan ƙarfe, suna da kyau a ido amma karyewa suke farat ɗaya maimakon lanƙwasa. A banɗaki da kicin alminiyam ko sitenles saboda tsatsa.

Anti ce ke tambaya, jeren ƴata saura sati biyu, yaushe za a kira mai labule?

Anti yanzu. Ranar jere gida cike yake da mata da kaya, an riga an kafa gado da wadirof sun tare tagogi, ga gaggawa ga wataƙila babu wuta, a irin wannan ranar ne ake buga kusa a wuce, bayan wata biyu amarya tana kiran gida labule ya faɗo. A bari fenti ya bushe, mai labule ya zo ya kafa ƙarafa ɗakin yana fili, a share ƙurar hudar, tela ya auna, ranar jere sai rataya kawai.

A ina ake samun masu kyau, kuma nawa ne?

Farashi kam bazan rubuta ba saboda yana canzawa kafin wata ya ƙare. A Kano yadi ana samunsa a Kantin Kwari, su ƙarafa da biraket da reli kuma masu kayan labule na Sabon Gari suna da su, fisha da sukuru da bakin diril kuwa duk shagon kayan gini. Ka sayi biraket ɗaya ko biyu na rara iri ɗaya ka ajiye, saboda idan ɗaya ya karye bayan shekara da wuya ka sake samun kalarsa.

Ramin ya riga ya buɗe, fisha tana juyawa a ciki, akwai gyara?

Akwai. Idan buɗewar kaɗan ce ka ƙara girman fisha, mai 6 ta koma 8, mai 8 ta koma 10, da sukuru mai kauri da tsawo daidai da ita, in dai zai wuce ta ramin biraket. Idan filasta ta ɓalle ta bar rami babba, ka kankare duk abinda ke motsi, ka jiƙa wajen, ka cike da siminti da yashi mai laushi, ka bar shi kwana uku ko fiye yana shan ɗan ruwa kafin ka sake hudawa, ko kuma ka toshe shi kawai ka matsa da biraket ɗin santimita 5 gefe ko sama inda bulon ke da lafiya, sai ka matsa da ɗayan ma don su daidaita. Tsinken ashana da takarda da ake cusawa suna riƙe hoton bango, amma banda labule. Idan kuma duk inda ka huda bulon marmashewa yake, ka koma dabarar katakon nan ta ginin ƙasa, ka kafa shi da fisha biyar ko shida a jere, ka yi masa fenti kalar bango, sannan ka ɗaura biraket ɗinka a kai.